Daren da Muka Kunna Tudu

Sana'ata tafiya ce.
Ina gaba da sanda, baƙi na biye,
masu takalman da ba su taɓa cin laka ba.
Mu hau tudun da ke bayan Chablis,
in nuna musu kogin Serein can ƙasa
yana lallaɓawa kamar mai gudun tada jariri.

In tsuguna in tsinto farin dutse,
in ce su duba ɓawon katantanwa a cikinsa:
nan da kuke tsaye, dā teku ne.
Su riƙe baki, su ɗau hoto.
Wani ya zura dutsen a aljihu, in kau da kai.

Masu keke su wuce mu fuu a gangare.
A inuwar tsohon coci mu yanka burodi da cuku,
tambayar kuwa ba ta sauyawa:
yaushe ake tsinkar inabi, yaushe ake matsa?
Ba wanda ya taɓa tambayata
yaushe ake jin tsoro.

Afrilu ne.
Toho ya leƙo a kuranga, bai kai kunnen ɓera ba.
Da magariba sama ta yi tas,
iska ta ɗauke cak.
Anselme ya duba ma'aunin sanyi a jikin shinge,
bai ce uffan ba,
ya je ya tada tarakta.

Ƙarfe biyun dare muna cikin layuka,
gwangwanin kaki ɗari huɗu, kowanne na jiran wuta.
Yatsu sun ƙi lanƙwasuwa.
Léonie, matar ɗansa, da cikinta wata bakwai,
an ce ta zauna gida, ta ce a faɗa wa ƙanƙara.
Muka kunna, muka kunna,
har tudun ya tashi da jan ido.

Sai ga biyu cikin baƙina na rana,
Wouter da Griet, mutanen Ghent,
sun hango ta tagar masauki,
kwat a kan rigar barci, kyamara a wuya.
Matar ta dafe ƙirji:
kamar taurari sun sauko kiwo!

Haushi ya taso mini har maƙoshi.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Wannan kyan da take yabo
bashin banki ne ke ci bal-bal,
guminmu ne na tun hunturu.
Na buɗe baki,
Anselme ya riga ni.
Ya danƙa wa mijin sandar wuta:
layi na tara, kar ka tsallake ko ɗaya.
Ya ba matar guga.

Ban ƙara ganinsu ba sai inuwa,
ɗaya na durƙusawa, ɗaya na tari cikin hayaƙi.

Asuba ta zo da farin gishiri a kan ciyawa.
Tsohon ya bi layi yana murza toho a yatsa.
Na sama kore ne, da rai.
Na ƙasa, wajen kogi, sun koma kalar taba.
Kashi ɗaya cikin uku ya tafi.
Ya miƙe, ya dafe ƙugu,
ya ce ya fi bara.

Kofi ɗaya na gahawa ya zagaya mu bakwai.
Girar Wouter ta hagu ta babbake,
bai sani ba, ba mu gaya masa ba.
Kyamarar na rataye a turken layin farko,
raɓa ta daskare a idonta.
Griet ta ɗauke ta, ta goge da gefen riga,
ta tambayi Léonie watan haihuwa.

Ƙarfe goma wasu sababbin baƙi
na jirana a ƙofar coci da taswira.
Na wanke fuska, baƙin bai fita duka ba.
Wata yarinya ta nuna tudu:
waɗancan baƙaƙen gwangwanayen fa, na mene ne?

Na ce ku ɗaure takalmanku,
yau daga can za mu fara.
Dutsen tekun ya iya jira,
ya saba.